Tara ɗin da Kika Zaɓa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Balkisa, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya tsare gabanki da bayanki a tafiyar da za ki yi, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba.

Na san za ki yi mamaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki a gidan nan na Morris Heights, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa sai ka ce kina Maraɗi. To, mako uku ke nan ba abin da ke haɗa mu sai "ina kwana" da "lafiya lau", kuma ni na jawo. Ranar da kika shigo da murna kika ce wata babbar ƙungiyar besbol ta ɗauke ki aiki a ofishin da ake zaɓen 'yan wasa, kin tuna abin da na ce. Na ce ashe shekara huɗu kina karatun lissafi a jami'a don ki je ki riƙa ƙirga ƙarti masu wasa da kulki. Na ce ban sa albarka ba. Kika dube ni, kika shige ɗaki. Yau Juma'a, jibi Lahadi za ki tafi, kuma ba na so ki bar gidan nan da waccan magana a kunnenki. Bakina ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro. Ki karanta a hankali yadda mamanki ta koya miki, in kin ga dama ki ba ni amsa da Turancinki, ai na saba.

Ba ni da abin da zan ƙara miki a lissafi. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kuma a kan wannan aikin naki na yi su, domin ni ma na taɓa haɗa ƙungiya, kina tsaye kina kallo na ɓata ta.

Kin san shekara ashirin da wani abu ina kafa teburina na huluna da riguna a wajen babban filin besbol ɗin nan, ƙarƙashin gadar jirgi mai lamba huɗu. Shekarun farko ban ɗauki wasan a bakin komai ba. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, abin da na gani a talabijin mutane ne a tsaitsaye suna tauna suna tofar da yawu. Ramon, tsohon nan ɗan Dominika mai sayar da gyaɗa kusa da ni, shi ya zaunar da ni da ƙaramin rediyonsa. Ya jera ƙwayar gyaɗa huɗu a kan teburina ya ce waɗannan tashoshi ne. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki ya ruga, in ya zagaye tashoshin ya dawo gida an ci ɗaya. In ya kuskure sau uku ya fita. In mai jifa ya baude sau huɗu, mai kulki ya taka zuwa tashar farko kyauta. Da haka na fara gane ihun da ke tsallako katanga. Har na kai ina jin ihu in san ƙwallo ta fita fili, in ji wani irin gunaguni in san an kama ta a sama.

Sai da na shekara shida a bakin ƙofar kafin na shiga. Wani mai saye ne ya bar wa Ramon tikiti biyu na wasan rana, muka bar wa maƙwabta teburanmu muka hau matakala. Balkisa, har in mutu ba zan manta lokacin da na fito daga duhun rumfar nan na ga filin ba. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, ko a damina mai albarka. Mutane kamar an tara garinmu da ƙauyukansa wuri ɗaya. Mai jifa ya ɗaga ƙafa, ban ga ƙwallon ba sam, ƙararta kawai na ji a safar hannun wanda ke tsugune yana cafkewa. Sai ga wani ɗan Adam, da kulki siriri, ya sami wannan abin da idona ya kasa gani ya aika da shi sama. Na ce Subhanallah da ƙarfi har na kusa da ni suka juyo. Ramon ya yi dariya ya ce, gwanin gwanaye a wasan nan, in ya fito sau goma ya dace sau uku, an gama sallama masa. Na daɗe ina juya wannan magana, wasan da ko gwani faɗuwarsa ta fi dacewarsa yawa, amma gobe ya sake fitowa.

Shekarar da kike da sha biyu, yayanki Laminu yana da sha biyar, dattawan masallacinmu suka ce yara sun yi yawa a titi lokacin hutu. Akwai gasar besbol ta unguwa a filin da ke gangaren kogi. Alhaji Sule, mutumin Kumasi, shi ya kira ni bayan Juma'a.

Ya ce, "Isuhu, duk cikinmu kai kaɗai ka san wannan gem. Kama yaran nan ka zama koci. Yunifom da komai ni zan saya."

Na ce, "To Alhaji, dakor, na yarda." Na dawo gida ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta.

Yara ashirin da 'yan kai suka zo gwaji. Na jera su, na bi su da ido yadda ake zaɓen ragon layya, wa ya fi tsawo, wa ya fi faɗin kafaɗa. Na sa Laminu ya jefa wa kowa sau biyar, duk wanda ya doki ɗaya ta yi nisa na ce ya wuce dama. Rana ɗaya, jifa biyar, na gama hukunci. Na tara dogaye masu ƙarfi waɗanda in sun samu ƙwallo ta tafi, amma sai su kaɗa iska sau tara kafin su samu ɗaya. Duk iri ɗaya na ɗebo. Ba wanda ya iya haƙuri, ba mai saurin ƙafa a tsakiya, ba wanda na tambaya ko ya iya kama ƙwallo in ta zo masa a ƙasa tana tsalle.

Ga shawarata ta farko, uwata. Kada ki yarda da rana ɗaya, kada ki yarda da kyan tsayuwa. Wasan manya tun daga sanyin bazara ake farawa har ganye ya zube, kusan kullum ana fili, kuma doguwar tafiya irin wannan tana tona asirin kowa. Ki dubi abin da mutum ya saba yi wata da watanni. Kuma kada ki cika gida da masu dukan nesa kawai. In babu wanda ya riga ya tsaya a tasha, ƙwallon da ta tsallake katanga ɗaya tak take kawowa. Ƙungiya tana son mai haƙuri da zai buɗe hanya, da mai ƙarfi da zai koro shi gida, da masu hannu da za su hana abokan karawa yin haka.

Akwai wani yaro Mudi, ɗan matar nan mai kitso a Harlem. Gajere, mai jiki, ba ya magana. A gwaji bai doki komai mai nisa ba, yawanci ma bai ɗaga kulkin ba, ya tsaya yana kallon ƙwallo tana wucewa. Na ɗauka tsoro ne. Na bar shi a ƙungiya don kawai shi kaɗai ya yarda ya tsuguna a bayan mai kulki yana cafke jifan Laminu, aikin da ba wanda yake so saboda zafi da ciwon gwiwa. Wasa uku na farko muka ci biyu, ni kuwa na ɗauka dogayena ne.

Sai kayan da Alhaji Sule ya saya suka iso. A ciki har da na mai cafke, abin rufe fuska na ƙarfe da sulken ƙirji da na ƙafa. Ɗansa Fuseini ya gani, ya ga kamar kayan soja, ya ce shi nan yake so. Alhaji ya ja ni gefe.

Ya ce, "Koci, yarona yana son wancan wuri. Ka ba shi mana, ba komai ba ne."

Ke ba ki sani ba, lokacin da na sauka garin nan da jaka ɗaya, a falon Alhaji Sule na kwana wata biyar, bai taɓa nuna mini gajiya ba. Shi ya kai ni inda ake saro huluna. A wajenmu mutumin da ya yi maka haka ba ka dubi idonsa ka ce a'a. Kara ta hana ni. Na cire wa Mudi safar hannu na miƙa wa Fuseini, na ce Mudi ya zauna a benci ya huta. Fuseini yaron kirki ne, amma duk sanda ƙwallo ta taso masa sai ya rufe ido. Ƙwallo ta riƙa wucewa ta bayansa, abokan karawa suna zagaye tashoshi suna dariya. Mudi ya zauna wasa huɗu a benci, a na biyar bai zo ba. Daga baya na ji ya koma ƙungiyar 'yan Dominika ta ƙanen Ramon, sun karɓe shi hannu biyu.

Na cuci yara biyu da kara ɗaya. Na cuci Mudi, na kuma cuci Fuseini, wanda na sa shi inda zai ji kunya a gaban ubansa kowane mako. A inda za ki, ba Alhaji Sule za ki tarar ba, amma za ki tarar da irinsa. Wani lokaci babban mai gida ne ke son wane, wani lokaci tsohon gwani ne wanda duk gari ke ƙauna. Wannan na sani daga teburina. Akwai shekarun da rigar wani tsohon tauraro ita ta fi fita, kullum sai ta ƙare mini, alhali ƙafarsa ta riga ta yi nauyi, ƙungiya kuma tana ta faɗuwa. Mutane suna sayen abin da ya yi jiya. Ke kuwa aikinki ki kawo wanda zai yi gobe. Ki girmama tsoho, ki ba shi darajarsa, amma kada ki ɗaure ƙungiya shekaru masu yawa a jikin mutumin da ƙarfinsa ya juya baya. Kuma ranar da ya zama dole a sallami wani, ki roƙa a gaya masa baki da baki, a faɗa masa dalili. Ni ko sannu ban ce wa Mudi ba, har yau abin yana cina.

Sannan ki kula da mai tsuguno. Ramon ya sha gaya mini, ni ne ban ji ba, cewa a duk fili shi kaɗai ne yake fuskantar kowa. Shi ke yi wa mai jifa alama da yatsu, shi ke gane hannu ya fara gajiya tun kafin mai hannun ya yarda. Ba a cika sayen rigarsa ba, ni shaida ne. Amma in ya yi rauni, sai ki ga komai yana zubewa ba ki san daga ina ba.

Yanzu na zo inda biro yake mini nauyi.

Laminu yana da hannu, wannan kowa ya sani. Ramon da kansa ya zo ya kalle shi ya cire hula. Tun daga ranar na fara wani mafarki da ban gaya wa kowa ba. Ina ganin kaina a teburina, ana layi ana sayen riga mai sunanmu a baya, ihu yana tsallako katanga, ni kuma ina cewa ɗana ne. Saboda wannan mafarki ban nemi wani mai jifa ba. Me zan yi da na biyu alhali ina da Laminu? Asabar shi, Lahadi shi, tun farkon wasa har ƙarshe. Ranakun mako kuma bayan la'asar in kai shi fili ya yi ta jifa a jikin shingen waya. Ni da na taso a gona, na ɗauka hannu kamar hannun noma ne, yawan aiki ke ƙara masa ƙwari. In ya ce yana jin tsami, sai in shafa masa man zafi in ce namiji ne kai.

Gasar unguwa ce, ba mai ƙirga jifa. Ke kaɗai kike ƙirgawa. Kina zaune a ƙarshen benci da wani littafi mai koren bango da fensir, kina ta zane-zane tun wasan farko, ni na ɗauka aikin makaranta ne. Wata Asabar kika biyo ni har bakin waya, kika ja mini riga. Da Turanci kika fara, da kika ga na ɗaure fuska sai kika juya Hausarki mai tuntuɓe.

Kika ce, "Baba, Yaya in ya wuce jifa sittin, bol ɗinsa yana hawa sama, kuma yana taɓa nan." Kika nuna gwiwar hannunki. "Kuma Mudi ya fi kowa zuwa tasha. Na rubuta. Ka duba."

Iyayen yara suna tsaye suna ji, har wani ya yi 'yar dariya. Na ji kamar an tsinka ni a gaban mutane. Na karɓe littafin daga hannunki na jefa cikin kwalin hulunana.

Na ce, "Ke mi kinka sani ga wasan maza? Tahi ki taya innarki rabon ruwa."

Kika tafi. Daga ranar ba ki sake zama a bencina ba, can bayan waya kike tsayawa.

Mako biyu bayan haka muka haɗu da ƙungiyar ƙanen Ramon, ranar Lahadi da rana tsaka. Ranar Asabar Laminu ya yi jifa wasa guda cur, ranar Lahadin ma na sa shi. Mudi ne ya fara fitowa musu. Sau biyu ya tsaya da kulkinsa a kafaɗa yana kallo, Laminu ya baude sau huɗu, ya taka zuwa tasha kyauta, na bayansa suka koro shi gida. Sai a ranar na gane abin da na kira tsoro ido ne Allah ya ba shi, yana bambance ƙwallon da za a doka da wadda za a bari tun tana hannun mai jifa. A zagaye na biyar Mudi ya sake fitowa. Laminu ya ɗaga ƙafa ya saki, ƙwallo ta tafi can gefe, shi kuma ya durƙusa yana riƙe da gwiwar hannunsa, daidai inda kika nuna mini. Bai yi kuka ba, wani irin sauti ya yi da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Wanda ya fara isa gare shi Mudi ne, ya yar da kulki ya ruga ya tallafe shi.

Jijiya ce ta tsinke. An yi aiki, hannu ya warke har yana tuƙa bas ɗinsa yau lafiya lau, amma jifa ta ƙare. Likita ya tambaye ni sau nawa yaron yake jifa a mako, da na faɗa masa sai ya ajiye biro ya dube ni. Ƙungiyarmu kuwa ta watse a makon, domin ba wani da na taɓa koya wa tsayawa a wurin mai jifa.

Don haka, Balkisa, in sun ce miki masu jifa sun isa, ki ce a ƙaro. Hannun mutum ba inji ba ne, kuma kakar wasa doguwa ce, sai wani ya ji ciwo, sai wani ya gaji. Ƙungiyar da ta dogara da mutum ɗaya, ranar da ya durƙusa ta gama. Ki duba benci kamar yadda kike duba taurari. Ki duba yaran da ake renonsu a ƙananan ƙungiyoyi a garuruwan da ba a jin sunansu, domin daga can ake samun wanda zai shigo ranar da babba ya faɗi, kuma kada a yi gaggawar sayar da su don murnar shekara ɗaya. Manomi a garinmu ko yunwa ta matsa yakan ɓoye irin shuka. Abu mafi girma kuma, duk lambar da ke cikin na'urarki ɗan wani ne. Akwai uwa a wani ƙauye da ke jiran wayarsa. In lissafi ya nuna miki hannu ya fara gajiya, ki faɗa da ƙarfi, ko da wanda ya fi kowa girma a ɗakin zai ɗaure fuska.

Ban sake taɓa maganar besbol a gida ba, kin sani. Ina sayar da hulunansu, amma na daina kunna rediyo. Ban san kina ci gaba ba. Ban san duk shekarun nan kina bin wasanni kina rubutu, har abin da kika rubuta a jami'a ya kai hannun mutanen da suka kira ki. Da kika zo mini da labarin, ba aikin na raina ba, ƙarya na yi. Sautin Laminu na ji a kunnena. Sannan kunya ta kama ni, domin wasan nan da na ba shi ɗana da ƙarfin tsiya ya ƙi karɓa, sai ga shi ya zo da kansa ya zaɓi wadda na kora rabon ruwa. Maimakon in sunkuyar da kai, sai na ɗaga murya.

Shekaranjiya da rana na dawo cin abinci, na ɗaga faifan da mamanki ta rufe tire da shi, sai na ga littafi mai koren bango a gefen kwano. Ashe ita ta tsince shi a kwalin huluna tun wancan lokaci ta adana shi shekara goma sha ɗaya. Ta ajiye mini shi, ta koma kicin abinta. Turancina bai kai ba, na kira Laminu ya zo bayan ya sauka aiki, muka zauna a falo yana karanta mini.

Uwata, tsigar jikina ta tashi. Yarinya 'yar sha biyu, ba wanda ya koya mata, ta rubuta kowace jifa da kowane duka na wasa goma sha ɗaya. Wa ya kai tasha, ta yaya, sau nawa. Wa ke kaɗa iska in ƙwallo ta zo ƙasa. Ina Laminu yake fara baudewa. Har kin lura Fuseini ya fi kowa gudu, kuma in ƙwallo ta taso daga nesa ba ya rufe ido, sai ta kusa yake tsoro. Ni da nake tsaye a tsakiyar fili da usur a wuya ban ga ko ɗaya ba. Na yi shekaru ina mamakin mutanen da ke dukan ƙwallon da ido ba ya gani, ashe abin mamakin da ya fi wannan yana cin tuwo a gidana. Laminu ya rufe littafin ya ce, "Baba, duk abin da ta ce, haka ya faru." Na ce masa ya yafe mini hannunsa. Ya ce ya daɗe da yafewa, saura ke.

Wannan ita ce shawarata ta ƙarshe, kuma ita ta fi tsada a wajena. Wata rana ke ma za ki zama babba a wancan ofis, in Allah ya yarda. Ranar nan wani ƙarami zai ja miki riga da takarda a hannu, wataƙila Turancinsa ma bai nuna ba, wataƙila a gaban mutane zai yi miki gyara. Ki karɓi takardar ki buɗe. Haka kuma yanzu da kike ƙarama, in tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu a gefen fili suna magana, ki saurare su, akwai abin da suke gani a tafiyar yaro bayan ya faɗi wanda ba ya shiga lissafi. Ki haɗa idonsu da littafinki. Kada ki yi wa kowa abin da na yi miki.

Laminu ya tashi zai tafi, sai na buɗe shafin ƙarshe da kaina, wanda bai kai gare shi ba. Wannan ban nemi mai fassara ba, sunaye ne. Kin jera mutum tara, adadin da ke shiga fili, yadda da ke ce koci za ki tsara su. Mudi ne na farko, kin mayar da shi wurinsa na tsuguno. Fuseini kin kai shi tsakiyar fili can baya, inda gudunsa zai yi amfani, ba ki yar da shi ba. Laminu kin rubuta masa jifa rana ɗaya, hutu kwana huɗu, a ƙarƙashinsa kuma sunayen yara biyu da ban taɓa miƙa musu ƙwallo ba. Ranar da ke saman shafin ita ce Asabar ɗin da na ƙwace littafin, wato da safen kika rubuta, shi kike so in duba. A can ƙasa, inda ake sa sunan koci, na ɗauka zan ga Ramon. Sai na ga kin rubuta Baba. A gefe kuma, da Hausarki ta lokacin, harufa suna hawa suna sauka, kin sa: "Baba ya san wasa. In ya saurara za mu ci."

Na saurara, Balkisa. Na makara shekara goma sha ɗaya, amma na saurara.

Maganar da na faɗa mako uku da suka wuce na janye ta, Allah ya shafe ta. Na sa miki albarka a wannan aiki, albarkar da ba ta da sauran ƙulli a ciki. Allah ya yi miki albarka duniya da lahira, ya ba ki ido mai ganin gaskiya da bakin faɗarta, ya kare ki daga zaluntar ɗan kowa. Ki riƙe sallarki a duk garin da wasa ya kai ki, ki riƙa kiran mamanki, kin san ba za ta ce tana kewa ba sai dai ta yi ta dafa abin da kike so. Ga littafinki nan tare da wasiƙar, naki ne, na riƙe miki shi ba bisa haƙƙi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Mamanki ta ce kin shirya Laminu ne zai raka ki tashar jirgi jibi da safe. Zan sa rigata in zauna a falo kusa da ƙofa. In kin yafe mini, ba sai kin ce komai ba, ki ajiye jakarki a gabana in ɗauka.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, ya sa mu ji alheri. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Isuhu